Ranar da ƴan ajina sunka tsinci teku a bayan garin Tawa

Assalamu alaikum jama'a. Kwana biyu kun ji ni shiru, wallahi aikin lakwal ne ya riƙe ni, ga gyaran takardun jarabawa ga hazon bana da ya saka rabin gari tari, amma yau na ce ko mi za a yi sai na zauna na rubuta muku labarin wata fita da munka yi da yaran ajina, don tun ranar abin yake min yawo a rai.

Waɗanda sunka san ni sun san ni malamin SVT ne, wato kimiyyar halittu da ƙasa, a wata kwaleji nan cikin Tawa. Muna cikin darasin yadda halittu ke zama da juna a muhalli guda, sai na kawo musu misalin murjani, wato duwatsun nan masu rai da ke ƙarƙashin teku. Na zana a allo, na kunna musu ɗan bidiyo a salulata suna zuwa layi-layi suna leƙawa, na yi bayani iyakar iyawata. Da na ƙare sai wata yarinya daga bayan aji, mai hankali wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, mu da ko gulbi ba mu da shi, ruwan sha ma sai an bi layin famfo, mi ya haɗa mu da dutsen da ke cikin teku?" Ba rashin kunya ta yi ba, tambaya ce ta tsakani da Allah. Na ba ta amsa irin ta littafi, amma na ga a idonta ba ta gamsu ba, ni ma kaina ban gamsu ba.

Daren nan na daɗe ina juyi, sai na tuna abin da anka karantar da mu lokacin da nake jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, cewa ƙasar Adar ɗin nan da muke takawa gindin teku ce a da. Tsakanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da sunka wuce, wani hannun teku mara zurfi ya sha shigowa yana janyewa, ya ratso ta Aljeriya da Mali ya sauko ta nan har ƙasar Sakkwato. Farin dutsen da ake fasawa a Malbaza ana yin siminti da shi ragowar ɓawon halittun wannan tekun ne da sunka mutu sunka taru bisa juna. Can wajen Goronyo har ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku anka tono, masana sunka raɗa mashi sunan garin, Goronyosaurus. To sai na ce ma kaina, ashe ina ta nuna ma yara tekun wasu a cikin waya, namu yana nan kwance bayan gari.

Na samu direkta na yi mashi bayani, Allah ya saka mashi da alheri bai ja ba, ya ce dai in nemi yardar iyaye kuma a dawo kafin azahar. Wani uba ya tare ni bakin masallaci ya ce, "Malam, yanzu dutse za ka kai ɗiyanmu tsinta, karatun ya ƙare ke nan?" Na ce mashi, "Alhaji, ka ba ni Asabar guda, in ɗanka ya dawo bai zo maka da abin da za ka riƙa juyawa a hannu ba, ka kama ni." Ya yi dariya ya ce ya yarda.

Ranar Asabar tun da sassafe, sanyi na kaɗawa, munka kama hanya zuwa wani tudu da ke gabas da gari inda ruwan damina ya zaizaye gefen ya bar farin dutse a fili. Kayan aikinmu ba su da yawa: igiya mai tsawon mita 20 da munka ƙulla ma alama a kowane mita, da wasu firam masu kusurwa huɗu, mita guda kowane gefe, da yaran sunka ɗaure da kara da tsumma, sai kaye da fensir, sai lemun tsami cike da leda da kwalbar binega guda. Kuma ban ƙirƙiro wanga tsari da kaina ba, haka masu nazarin murjani ke yi a ƙarƙashin ruwa. Akwai wata ƙungiya mai suna Reef Check da anka kafa a 1996, masu sa kai ne ke nutsewa su shimfiɗa layi na mita 100 bisa murjani, su ware kashi huɗu na mita 20 a cikinshi, su bi shi sannu suna rubuta abin da sunka gani a wani ɗan allo da ruwa ba ya ɓatawa. Na ce ma yara yau mu ne masu nutson, bambancin kawai mu ba mu ɗauko tukunyar iska a baya ba, kuma tekunmu ya riga ya ƙafe.

Na raba su biyar-biyar, kowane gungu ya aje firam ɗinshi gefen igiya, doka guda ce, ba a ɗaukar komi sai an zana shi an rubuta a mita na nawa anka same shi. Da farko surutu kawai suke, wasu na jifar juna da tsakuwa, wasu na cewa ba komi nan sai kashin awaki. Can sai na ji wani yaro ya ƙwala kira, "Mushe, Mushe, zo ka gani, dutse mai tauraro!" Ina zuwa na iske shi riƙe da wani ɗan dunƙulen dutse kamar ƙaramin ƙosai, a bayanshi akwai zane mai reshe biyar kamar an zana fure da allura. Bushiyar teku ce, halittar nan mai ƙaya a jiki, ƙayar ta zube tun tuni sai ɓawon ya koma dutse. Jama'a, daga wannan lokacin ban sake ce ma kowa ya yi shiru ba. Duk sun durƙusa, hanci kusa da ƙasa, wannan ya samu katantanwa da ta zama dutse, waccan ta samu ɓawon kumba mai layi-layi, masu jifar juna ɗazu su ne sunka fi kowa tono. Yaron da a aji sai na yi da gaske yake rubuta layi biyu, ranar shafi ukku ya cika da zane.

Muna cikin haka wani dattijo mai kiwon tumaki ya tsaya yana kallonmu. Na je na gaishe shi, na ce, "Baba, barka da sanyi, yara ne na kawo karatu." Ya karɓi dutsen mai tauraro ya juya shi ya ce, "Ɗana, ai waɗannan da su munka yi wasa muna yara, kuma masu ginan rijiya suna fiddo irinsu daga ƙasa can ciki, mun daɗe muna mamakin mi ya kai katantanwa ƙarƙashin ƙasa gaba goma." Da na ce mashi teku ne ya taɓa kwanciya a nan, sai ya yi shiru ya dubi fakon nan har iyakar ganinshi, ya ce ikon Allah ya wuce haka. Yaran sun ji maganar rijiyar nan daga bakinshi, kuma na lura ta fi shigarsu bisa duk shekarun miliyan da na lissafa musu.

Gaskiyar magana, abin da munka tsinta ranar ba murjani ba ne, kuma na faɗa musu haka ƙarara don ba na son yaro ya tafi da ƙarya a kai. Amma sinadarin da bushiyar teku da kumba ke gina ɓawonsu da shi, shi ne dai murjani ke gina gidanshi da shi, shi ne kuma ke cikin ɓawon ƙwai. Sai munka zauna ƙarƙashin wani gawo, na ce kowa ya matsa lemun tsami ko ya ɗiga binega bisa farin dutsen ya kai kunne kusa. Dutsen ya kama ƴar kumfa yana tsuwwa a hankali. Munka gwada bisa jan dutse na marmara, shiru. Daga nan ne na shiga maganar da na kasa isar musu a aji. Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙin kabon da mutane ke saki sama, kuma in hayaƙin nan ya narke a ruwa sai ruwan ya ƙara tsami. Ba tsami irin na lemu ba ne da zai narkar da dutse nan take, kaɗan ne, amma ya isa ya sa ginin gida ya yi ma murjani wuya, kamar magini ne da ake ta rage mashi siminti yana aiki.

Su da yawa sun ɗauka murjani dutse ne ko itace. Dabba ce. Ƴar mitsitsiyar dabba mai taushi, baki guda da ƴan hannuwa kewaye da shi, dubbai ne ke zama manne da juna, kowace ta gina ɗan ƙoƙon dutse ta zauna ciki, in ta mutu wata ta gina bisa nata, haka haka har ya zama tudu. Masu dunƙulewa ba su wuce santimita ɗaya ko biyu a shekara, masu reshe kan kai santimita 10. Na sa yara sunka auna santimita guda a farcensu, sannan na ce musu babbar ganuwar murjani ta ƙasar Ostareliya tsawonta ya kai kilomita 2,300, wato ka yi Tawa zuwa Yamai sau huɗu. Sun yi tsit. Kuma duk murjanin duniya in an haɗa bai rufe kashi 1 cikin 100 na gindin teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'in halittun teku a nan suke samun abinci ko maɓoya ko wurin haihuwa.

Inda na fi jin daɗi shi ne maganar zaman amana. A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai, dangin gansakuka, ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya. Su ke amfani da hasken rana su haɗa abinci su ba murjani mafi yawan abin da yake ci, su ne kuma ke ba shi launin nan mai kyau, shi kuma ya ba su ɗaki da abin da jikinshi ke fitarwa su yi taki da shi. Ban rufe baki ba wani yaro ɗan ƙauye da ke zaune wajen kawunshi a gari ya ce, "Mushe, ai kamar manomi da makiyayi ne bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki a gona." Wallahi shekara da shekaru ina karantar da wanga darasi ban taɓa samun misalin da ya kai wannan ba. Na ce to haka ne, kuma kun san abin da ke faruwa in fari ya zo, zaman ya kan lalace. In ruwan teku ya ɗara zafin da ya saba kaiwa da digiri ɗaya kacal, ya daɗe haka sati da sati, sai murjani ya kori baƙin nan daga jikinshi, ya koma fari fat. Farin nan ba mutuwa ba ce tukuna, yunwa ce, kamar saniyar da ta rame a bazara, in ruwa ya sauka da wuri ta tashi, in ya yi jinkiri shi ke nan. An ga irin wagga koɗewa a duniya baki ɗaya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sannan a watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku ta Amurka ta ba da sanarwar karo na huɗu. Na tambaye su ko sun tuna azumin 2024, kowa ya ce ya tuna, wa zai manta da wannan zafin, a watan ne garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Na ce to zafin da ya hana ku barci cikin ɗaki, shi ne ya koɗar da murjani a can.

Kafin mu watse na ba su aikin gida, na ce kowa ya je ya tambayi kakarshi ko wata tsohuwa a unguwa mi ta sani game da murjani da kuma wuri, kuɗin nan na da. Ranar Litinin aji ya cika da labari. Ashe kalmar murjani ma tana bakinmu tun kaka da kakanni, jan dutsen wuya da na hannu da ake saka ma amare, wanda na ainihin daga Bahar Rum ake ciro shi, ya ratso hamada bisa raƙuma kafin ya iso kasuwanninmu. Wani yaro da ke zuwa makarantar allo da yamma ya tashi ya karanto ayar da ke cikin Suratur Rahman inda anka ambaci lu'ulu'u da murjani suna fitowa daga tekuna biyu, ya ce ya daɗe da haddace ta amma bai taɓa tunanin halitta ce mai rai ba. Wuri kuwa, kuɗin da kakanninmu sunka yi ciniki da shi kafin zuwan Nasara, mafi yawanshi daga tsibiran Maldibs ya fito can tekun Indiya, tsibiran da su kansu murjani ne ya gina su, kuma yau suna cikin ƙasashen da hawan ruwan teku ya fi yi ma barazana don tudunsu bai fi mita ɗaya da rabi ba a tsaka-tsaki. Na ƙara musu da cewa alhazanmu na da da ke tafiya Makka a ƙasa, da yawa ta tashar Suwakin ta Sudan sunka tsallaka Bahar Maliya, garin da anka gina da tubalin murjani, haka ma tsofaffin gidajen Jidda. Kun ga abin da yarinyar nan ta ce bai shafe mu ba, ashe yana wuyan kakarta, yana cikin allon ɗan'uwanta.

Fita ta biyu ba mu yi nisa ba, tabkin da ke cikin gari munka je kafin ya ƙafe. Mun shafa ma marfin tukunya farin fenti, munka huda tsakiya munka zura igiya da ɗan nauyi a ƙasa, ana sake shi cikin ruwa sannu har a daina ganinshi sai a auna igiyar. Wani malami ɗan Italiya mai suna Secchi ya fito da dabarar a 1865, har yau da ita ake auna tsabtar ruwan teku. Namu marfin bai yi nisa ba ya ɓace cikin laka. Na ce musu murjani ba ya rayuwa a ruwa irin wannan, don baƙin da ke jikinshi sai da haske, kuma laka in ta kwanta mashi shaƙe shi take. Yana daga cikin dalilan da sunka sa gaɓar tekunmu ta yammacin Afirka ba ta da manyan ganuwoyin murjani, manyan koguna irin su Isa na zuba laka da ruwan daɗi, ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku. A ƙasashen da ke da shi kuwa, in an sare itatuwan tudu ruwa ya kwashe ƙasa ya kai teku, murjani ke biya. Nan take yaran sunka gane, don ɗiyan Adar ne, sun san zaizaya, sun san tassa da rabin wata da jeren duwatsu, wasu iyayensu mata sun ɗauki dutse a ka a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da anka fara a 1984.

Sannan munka shimfiɗa igiyarmu a bakin tabkin munka ƙirga leda. Wannan sashen bai yi min daɗi ba. Ledar ruwan sanyi, baƙar leda, robar lemu, duk inda anka aje firam sai an samu, alhali tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da ledar nan da saida ta a ƙasarmu. Ban ce musu ledar Tawa za ta je ta shaƙe kunkuru a teku ba, don ba haka ba ne, tamu nan take tsayawa ta shiga cikin akuya ta kashe ta, ta toshe magudana. Amma wadda ta faɗa Isa a Yamai hanyarta a buɗe take har tekun Gine. Sun tsince abin da sunka iya, buhu ya cika tun ba mu kai ƙarshen igiya ba.

Akwai wata magana da ta tsaya min. Wani yaro ya ce, "Mushe, to mu mi munka yi? Gidanmu ko kuran babu." Yana da gaskiya, Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take saki bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba, kuma ba zan tsaya gaban ɗan talaka in ɗora mashi laifin da ba nashi ba. Abin da na ce mashi shi ne, masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun faɗa a rahotonsu na 2018 cewa in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na murjani zai tafi, in ta kai digiri 2 kusan ba abin da zai saura, kuma ɗumamar nan ita ce ke wasa da daminarmu. Ɗan masunci a tsibiri da ɗan manomi a Adar cuta guda ke cinsu, kuma ina son in an zo zaman da ake maganar nan a duniya a samu ɗiyanmu da sunka san abin da hannunsu, sunka iya awo, sunka iya rubuta abin da sunka gani ba abin da anka ce musu ba.

Ina roƙon ƴan'uwana malamai, na Tawa da na Keita da Buza da Madawa, ku fidda yaran nan daga aji ko sau ɗaya ne a shekara, igiya da kara da lemun tsami ba su fi ƙarfin kowa ba. Mu yanzu burinmu Tabalak, tabkin nan da ke hanyar Abalak wanda anka saka cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005, ina son su zauna da masunta su ga tarwaɗa da karfasa, su ji daga bakinsu dalilin da ya sa ba a kama ƙananan kifi, don dokar da ke kare kifin murjani ke nan ita ma. Mun fara tara kuɗin mota dala-dala a cikin gwangwani.

Alhajin nan na bakin masallaci ya sake tare ni, ya zaro dutse mai tauraro daga aljihun rigarshi ya ce ɗanshi ya ba shi, kuma duk wanda ya zo shagonshi sai ya nuna mashi. Ita kuwa yarinyar da ta fara tambayar, ranar Alhamis bayan an tashi ta tsaya har kowa ya fita, ta kwance bakin gyalenta ta nuna min ƙwayar murjani guda ja, ta ce kakarta ce ta ciro mata daga cikin tsohon kwalla, ta ce a kawo ma Mushe ya gani amma a maido mata kafin magariba. Na riƙe shi a tafin hannuna, ga ƴan layuka siri-siri a jikinshi, sai ta ce, "Mushe, kar dai a ɗiga mashi lemun tsami." Na ce ba za a ɗiga ba, na miƙa mata ta ƙulle abinta.